Yadda Ake Zaɓen Kayan Kwance Notin da Ya Cije a Jikin Mota

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ya san wannan lokacin. Ka sa sifana ka ja, noti bai motsa ba. Ka gyara kwanciya ka sake ja, sai ka ji laushi a hannunka, har ka fara murna ya saki. Ka leƙa, ashe ba notin ne ya juya ba, bakin sifanar ne ya zame ya suɗe masa kusurwa. Aikin minti goma ya koma na yini guda ke nan.

Haka ta faru da ni ina yaron gareji, a kan notin salansa lamba 14, wato mai faɗin milimita 14, na wata Camry da aka shigo da ita ta Kwatano. Oga ya tafi masallaci ya ce in jira shi, ni kuwa na ce bari in nuna bajinta kafin ya dawo. Na ɗauki fulat sifana, mai buɗaɗɗen baki, na ja sau uku, kan notin ya koma kamar ƙwallon dabino. Da ya dawo ya durƙusa ya duba, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Kai yaro, wa ya aike ka da buɗaɗɗen baki?" Sai da aka kira mai walda, mai motar kuwa ya kwana ba mota. Tun ranar na gane cewa ja na farko shi ke yanke wa noti hukunci, kuma abin da ke hannunka a wannan jan ya fi ƙarfin damtsenka muhimmanci.

Kafin ka ɗauki komai, san abin da ya riƙe shi

Ba kowane cijewa ne iri ɗaya ba. Tsatsa ita ce babba: idan ƙarfe ya yi tsatsa kumbura yake yi, sai ta cike ɗan sararin da ke tsakanin zaren bolti da na noti, abin da kanikawa ke kira tiredi, ta haɗe su kamar an zuba siminti. Motocin tokumbo da suka yi rayuwa a wuraren dusar ƙanƙara na Amurka da Kanada da Turai sun fi fama da wannan, saboda can gishiri ake watsawa a titi lokacin hunturu, shi kuma gishiri ba ya barin ƙasan mota lafiya. Notin salansa yana da tasa matsalar, zafi da sanyi kullum. Boltin ƙarfe da aka ɗaura cikin alminiyam, irin na jikin injin, yakan manne da wani farin gari. Wani kuma gam aka sa masa tun daga kamfani don kada ya kwance.

Namu na gida shi ne ɗaurin ganganci. Notin tayar Corolla ƙarfin murɗa 103 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa) kamfani ya ce a ba shi. Mai faci mai nauyin kilo 70 idan ya zura bututu mai tsawon mita ɗaya ya hau kai da ƙafa, ya ba shi kusan 700. Ranar da taya ta yi faci a hanyar Birnin Gwari kai kaɗai da 'yar sifanar da ta zo da motar, sai ka san abin da ya yi maka.

Akwai kuma wanda bai cije ba sam, kai ne kake ƙara ɗaure shi. Wasu manyan motocin Japan, irin su Canter da Dyna da wasu Isuzu, notin tayoyinsu na ɓangaren hagu baibai ake kwance shi. Duba kan boltin ko jikin notin, idan ka ga harafin L, to juya hannunka.

Lambar da ta dace, ba wadda ta kusa ba

Goge kan notin da burushin waya tukuna, domin laka da tsatsa suna hana soket, wato ƙoƙon ƙarfen da ake kifawa a kan noti a juya shi da mariƙi, shiga har ƙasa, su kuma sa ka ɗauki lambar da ta fi girma. Motocin Japan, Toyota da Honda da Nissan, yawancin aikinsu a kan 10, 12, 14, 17 da 19 yake. Na Turai, irin su Golf da Peugeot da Marsandi, za ka fi cin karo da 10, 13, 16, 17, 18 da 19. Notin taya kuwa, yawancin Toyota 21 ne, Honda 19, Golf 17. Wanda Toyota ce sana'arsa, to 12 da 14 ɗinsa su zama mafi kyau a akwatinsa, ko da sauran na talaka ne.

Hattara da sifanun inci da ke cakuɗe cikin kayan gwanjo. Rabin inci milimita 12.7 ne, ba 13 ba ne kuma ba 12 ba ne. Mai 9/16 ya ɗara 14 da ɗan kaɗan, zai shiga noti 14 lafiya lau, ya riƙa wasa, ya cinye shi. Mai 3/4 kuwa ya yi daidai da 19 har ba a damuwa. Amma wannan ɗan bambancin yana da ranarsa: idan tsatsa ta rage wa noti 13 jiki, soket ɗin rabin inci da aka buga da guduma yakan kama shi gam.

Soket mai kusurwa shida

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, wannan za ka saya. Leƙa cikin soket ka ƙirga. Akwai mai kusurwa shida, akwai mai goma sha biyu. Mai sha biyu ya fi saurin zama a kan noti a matsattsen wuri, shi ya sa yara ke son sa, amma a ƙarshen kusurwoyin noti yake kamawa, inda naman ƙarfen ya fi ƙaranci. Mai shida yana rungumar gefen notin gaba ɗaya. Masu kyau na zamani ma za ka ga an ɗan fafe lungunan cikinsu, ba su yi tsini ba, don nauyin ya sauka a faffaɗan gefe ya bar kusurwa ta huta. Ga notin da ya cije, shida, ba tantama.

Inda za ka ajiye wannan ƙa'ida shi ne inda notin kansa mai kusurwa sha biyu ne, kamar babban notin shaf, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa taya, na Corolla da Camry da yawa, lamba 30. Nan dole sai mai sha biyu.

Sannan launi. Mai ƙyalli, wanda aka rubuta wa Cr-V, na aikin hannu ne. Yana da tauri, amma idan aka wuce iyakarsa tsagewa yake yi, wani lokaci har ɓarɓashi ya yi tsalle. Baƙin soket mai kaurin jiki, wanda galibi ake rubuta wa Cr-Mo, an yi shi ne don injin bugu na iska ko na batir, yana jure duka. Ni a manyan lambobi, 17, 19, 21 zuwa sama, baƙin nake saye ko da da hannu zan yi aiki, domin na san wata rana sai na buga shi da guduma. Aibinsa kauri: ba ya shiga ramin wasu wilin alminiyam.

Ramin bayan soket, inda mariƙi ke shiga, shi ma girma-girma ne: 1/4, 3/8, 1/2 da 3/4 na inci. Na 1/4 na cikin mota ne da ƙananan kaya. Na 3/8 yana aikin saman injin. Duk abin da ke ƙasan mota, birki, ƙafa, salansa, taya, na rabin inci ne. Tirela da tifa da babban notin shaf da ya ƙi ji, sai 3/4. Kada ka sa 'yar mahaɗar da ke rage girma tsakanin babban mariƙi da ƙaramin soket ka ce za ka ja da ƙarfi, a wuyanta za ta karye.

Mariƙi: tsawo ake nema

Racet, mai ƙara ƙyat-ƙyat ɗin nan, ba na fasa noti ba ne. Ƙananan haƙora ne a cikinsa, aikinsa saurin warwarewa bayan noti ya riga ya saki. Wanda ya zura masa bututu ya hau kai, haƙoran za su zube, kuma sukan zube ne daidai lokacin da ya saki dukkan nauyinsa, sai gwiwa ko haɓa ta biya.

Abin da ake buƙata shi ne doguwar sandar nan marar haƙora mai lanƙwasa wuya, fawa handul. Lissafinta mai sauƙi ne. Ka ja da ƙarfin kilo 30 a kan mariƙi mai santimita 25, ka samu kamar 74 Nm. Wannan jan dai a kan mai santimita 60 zai ba ka 176. Ba ka ƙara gumi ba, kuma da yake ba fizga kake yi ba, kana jin abin da boltin ke gaya maka ta tafin hannunka. Nemi na rabin inci mai tsawon santimita 45 zuwa 60. Wurin dubawa shi ne wuyan: fil ɗin da ya riƙe kan ya zama mai kauri, kunnuwa biyun da suka rungume shi kada su zama sirara, kada kuma kan ya riƙa lilo kamar haƙorin tsoho. Ɗan ƙwallon da ke riƙe soket ya danna ya dawo.

Maganar bututu, ba zan yi maka ƙarya in ce ba ma sawa ba. Kowane gareji yana da guntun bututun famfo a jingine. A kan fawa handul mai kyau, a ja a hankali, yana aiki. Amma idan ka ga sandar ta fara lanƙwasa kamar baka notin bai ce komai ba, tsaya. Ba ƙarin tsawo yake nema ba, mai ko wuta yake nema. Sifanar awon ɗauri kuma, tok renci, kada ta kusanci wannan aiki ko kaɗan. Ta ɗauri ce, kwance cijajjen noti da ita yana ɓata mata awo.

Inda soket ba ya shiga

Nan ring sifana, mai zagayayyen baki, ke da rana, ita ma in ka samu mai kusurwa shida ko doguwa, ka riƙe ta da kyau. Buɗaɗɗen bakin fulat sifana gefe biyu kawai yake kamawa, kuma yana buɗewa in an matsa masa. Aikinsa riƙe ɗaya kan bolti ne, ko warware wanda ya saki. Sifanar da ake murza wa baki ya ƙaru ya ragu, ka bar wa mai gyaran famfo. Dabarar saƙala ring ɗin wata sifana a bakin wata don ƙara tsawo tana fitar da mutum kunya a hanya, sai dai tana buɗe bakin sifana, kada ta zama ɗabi'a.

Notin bututun birki, 10 ko 11, ƙarfensa da laushi, kuma bututu ya ratsa ta cikinsa, ring ba ya shiga. Yana da tasa sifanar, kamar ring ce aka yanke mata ɗan baki daidai wucewar bututun. Kuɗinta kaɗan ne, rashinta kuwa yakan jawo canjin bututu gaba ɗaya.

Masu Golf da sauran motocin Jamus su lura da boltin da raminsa ke ciki. Akwai na alanki mai kusurwa shida, akwai mai tauraro, akwai kuma mai haƙora sha biyu irin na boltin shaf ɗin Golf ta wajen giya. Suna kama da juna a ido, musamman in maiƙo ya cike su. Sa tsinke ka kwashe dattin ramin, ka tabbatar da irinsa, ka buga kan makullin ya zauna har ƙasa. Irin wanda ake sawa a mariƙin soket ya fi ɗan lanƙwasasshen alanki nesa ba kusa ba.

Sukurun da ke riƙe faifan birki, irin na Honda, kada ka gwada su da sukundireba ta hannu. Akwai wata gajeriyar sukundireba mai kaurin jiki da ake bugawa da guduma, kowane bugu yana danna bakin ciki yana kuma juya shi a lokaci guda. Bugu biyu uku sun isa.

A kasuwa

Ko a Ƙofar Ruwa kake a Kano ko Fanteka a Kaduna, ka tafi da sababbin noti biyu masu kyau a aljihu, 14 da 17. Duk soket ko sifanar da za ka saya, sa mata notin ka girgiza. Mai kyau za ta zauna da ɗan motsi kaɗan. Wadda notin ke rawa a cikinta, ajiye ta ko da an rubuta mata sunan duniya. Mai shago zai ce, "Alhaji, wannan orijina ce, ɗauki ka ji nauyi." Nauyi ba shaida ba ne. Sau da yawa ƙarfe marar kyau ne ake kaurara shi don ya jure, sifanar ƙwarai kuwa takan zama siririya.

Dubi rubutun. Na ƙwarai a nutse yake cikin ƙarfen, haruffa a daidaice. Dubi fatar ƙyallin, in tana ɓarewa tun a shago, a hannunka yanka za ta yi. Dubi bakin soket: wasu an fafe bakinsu da zurfi don saurin shiga, to a kan bolti mai gajeren kai rabin kan kawai suke kamawa. Irin wannan nakan kai shi wurin dutsen wasa a share bakin ya zama daidai.

Sunaye irin su Gedore, Hazet, Stahlwille da Elora na Jamus, Facom na Faransa, Koken da KTC na Japan, Snap-on na Amurka, sun yi suna ne da dalili, shi ya sa ma ake buga jabunsu. In ka ga sabuwa fil da irin wannan suna a farashin kwanon shinkafa, ka san amsar. A ganina tsohuwar sifanar Jamus ta gwanjo, wadda duk ƙyallinta ya goge, ta fi sabon akwati mai guda ɗari da ake yayi. A gwanjon dai ka duba lungunan ramin bayan soket ko akwai tsaga, ka duba alamar walda ko lanƙwasa, ka duba bakin fulat ko ya buɗe. Kayan Taiwan irin su King Tony da Toptul tsaka-tsaki ne masu amfani ga wanda ke son sabo.

Ka haɗa da guduma mai nauyin kamar kilo ɗaya, kurfi, burushin waya, filaya mai kulle, da tabarau na kare ido. Tsatsar da ke zubowa daga ƙasan mota ido take nema.

Yadda ake bin notin

Mota a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, waigi a taya, kuma in an ɗaga ta, a sa mata abin tsayawa na ƙarfe. Jak kaɗai ba ya riƙe motar da ake jijjigawa da doguwar sanda. Notin taya da na shaf tun motar tana ƙasa ake fasa su. Na shaf kuma duba ko an dasa bakinsa cikin tsagar shaf ɗin ko an sa masa fil. Buɗe wannan tukuna.

Goge zaren da ya leƙo bayan notin, domin ta kansa notin zai bi ya fita. Fesa man kwance tsatsa, WD-40 ko makamancinsa. In babu, kalanzir da ɗan man giya suna taimakawa. Wasu man birki suke zubawa, amma ka sani yana cin fenti. Sai haƙuri, wanda shi ne abin da gareji ya fi rasawa: ba shi minti goma sha biyar ko fiye, in aikin gobe ne fesa tun daren yau. Kafin ka ja, ɗan bubbuga kan boltin ko gefen notin da guduma, ba dukan huce haushi ba, girgiza kawai ake so ta farfasa tsatsar mai ya samu hanya.

Zaunar da soket har ƙasa, a miƙe. In akwai sandar ƙari a tsakani, tallabe kan da hannu ɗaya don kada ya karkace. Ja zuwa jikinka, kada ka tura. In dole sai turawa, buɗe tafin hannu, don in ya saki kwatsam 'yan yatsu su tsira. Fara da ɗan ɗaure shi kaɗan, kamar za ka ƙara masa, sannan ka dawo baya. Ja a hankali kana ƙara nauyi.

Saurari hannunka. In ka ji ƙas, ya saki ke nan. In kuwa ka ji yana tafiya da laushi kamar kana murɗa alewa, ba kwancewa yake ba, boltin ne ke shirin tsinkewa, saki nan take. Wanda ya motsa kuma ya sake tauri, kada ka ce sai ka fitar da shi a ja ɗaya: kwatan zagaye baya, kwata gaba, ƙara mai, haka har ya fito. Boltin da yawa a wannan gaɓar suke karyewa, bayan an riga an ci rabin yaƙin.

In duk wannan bai yi ba, sai wuta. Notin ake gasawa, ba boltin ba, don ya buɗe ya saki abin da ya runguma. Zafi kuma yana kashe gam ɗin kamfani. Goge man da ka fesa kafin ka kunna, yana kama wuta. Kada wuta ta kusanci tanki, bututun mai, robar birki, wayoyi ko shokoba, kada kuma a taɓa gasa notin wili da taya a jiki, tana iya fashewa. Boltin ƙafa ko na birki da ya sha wuta har ya yi ja, ƙarfinsa ya canza, a sa sabo. Fulogi kuwa akasin haka ne: a kan injin alminiyam bari ya huce kafin ka taɓa shi, in ba haka ba ya fito da zaren ramin.

Idan kan ya riga ya mulmule

Buga soket mai shida wanda ya gaza lambar da kaɗan. In bai kama ba, akwai soket na musamman mai murɗaɗɗun haƙora a ciki, yana ƙara nutsewa cikin ƙarfen duk lokacin da ka ja baya; ƙaramin saiti ɗaya ya isa gareji. Filaya mai kulle tana aiki a ƙananan lambobi in haƙoranta na da kaifi. Noti in ba a buƙatarsa, a dasa kurfi a gefensa a buga ta fuskar kwancewa, ko a tsaga shi gida biyu a ceci boltin.

Boltin da ya karye ya bar guntu, mafi sauƙi a ɗora masa noti a cike tsakiyar da walda. Zafin waldar ma yana taya kwancewa. Cire kan batir kafin a fara. Siririn ƙarfen nan da ake huda bolti a murɗa shi ciki don fito da guntun, ina jin tsoronsa a kan abin da tsatsa ta kama, domin ya fi bakin diril tauri, in ya karye a ciki ka haɗa wa kanka aiki biyu.

Wajen mayarwa, wanke zaren da burushi, fara ɗaura kowane noti da 'yan yatsu zagaye uku huɗu kafin sifana ta taɓa shi. Duba lambar ƙarfi da ke kan boltin da za ka canza, 8.8 ko 10.9 ko 12.9, ka sa irinsa, kada ka sa na kafinta a ƙafar mota. Notin salansa a shafa masa ɗan giris mai jan ƙarfe, wanda ke jure zafi. Notin taya kuwa a bar shi a bushe, domin awon da kamfani ya bayar na busasshen zare ne, a ɗaure shi da tok renci ana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa, sannan a sake dubawa bayan an yi tafiyar kilomita hamsin zuwa ɗari.